Garmahona Ya Kori Matata Zuwa Kwoi

Malama Larai, 'yata,

Ki taimake ni don Allah, ki taimake ni tun ban ɗauki taɓarya na farfasa abin da ya rage ba. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, ɗan karatun da na iya a ajin baftisma na koye shi, sai ki yi haƙuri da hannuna. Amma abin da ke cikina ya kawo mini wuya, kuma duk wanda zan gaya wa a garin nan, ko dai yana cikin waɗanda suka yi mini dariya, ko kuma yana da abin da yake so ya sayar mini. Kada ki buga sunana.

Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne a nan Kafanchan. Fayaman nake, mai zuba wa injin kwal. Na ƙone gashin hannuna a bakin wuta tun ba a haifi yawancin masu karanta jaridarki ba, har aka kawo injin dizal aka ce mu tsofaffi mu je mu huta. To, na huta. Abin da na fito da shi daga aikin nan, ban da ciwon baya da ɗan fensho, shi ne garmaho. Wani Bature injiniya ne ya sayar mini lokacin da zai koma ƙasarsu. Baƙin akwati ne mai hannu a gefe. Ka murɗa hannun, ka sa allura, ka ɗora faifai, shi ke nan. Ba ya cin batir, ba ya jiran lantarki, ba ya roƙon kowa komai. Da shi aka yi rawa a bikin ɗana Silvanus, da shi aka yi na 'yata Afiniki. Akwai lokacin da in an ji kiɗa a unguwarmu, to daga ƙofata ne. Yau wai shi ne abin kunya.

Matata Magdalene ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Ba don tana matata ba, in ta ɗaga murya a sujada, mai wucewa a kan keke ma sai ya sauke ƙafa. Bara waɗansu mutanen mishan suka zo daga Jos da injin ɗaukar murya, suka tara matan, suka yi ta waƙa, wasu da Hausa, wasu da yarenmu. Bana faifan ya fito. Guda ɗaya tak aka ba ta, cikin kwali mai hoto, ga ta nan a tsakiya da ɗankwalin zumunta. Ta naɗe shi a sabon zane kamar jariri.

Sai ta ce za ta kai shi gidan Kumai a sa mata. Bari in gaya miki wane ne Kumai. Yaron nan a ƙarƙashina ya fara aiki, yana goge injin da tsumma. Ni na nuna masa yadda ake riƙe shebur. Da aka zo ƙarin girma, shi aka ba direba, wai don ya iya cika takarda da Turanci, kamar da takarda jirgi ke hawa tudun Kagoro. Da kuɗin Udoji na ƙarin albashi ya zo, ya je Kaduna ya sayo rediyogiram, wato rediyo haɗe da injin faifai, dogon abu kamar akwatin gawa, ya ajiye a falo, matarsa ta shimfiɗa masa leshi ta ɗora furen roba. Tun daga ranar ba ya gaishe ni sai na fara. Wai can za a kai muryar matata, ta zauna a bakin kujera tana godiya. Na ce ina da rai ba za a yi haka ba. Na ce ta kira matan zumunta duka, har da matar Kumai, su zo gidana ranar Lahadi bayan sujada su ji.

Ta yi mini gardama, ta ce an gaya musu faifan na sabon inji ne. Na ce faifai faifai ne, rami ɗaya ne a tsakiya. Ta je ta dama kunu, ta yi faten acca.

Ni kuma na shirya kamar yadda ake shirya injin da zai yi tafiya. Na kwance garmahon, na ba shi mai ko'ina. Allura yanzu ba a kawo ta kasuwa, saboda haka na daɗe ina wasa tsofaffin a dutsen wasa wuƙa. Na zaɓi ɗaya na wasa ta har tana ƙyalli. Da na zaro faifan daga kwali, nan raina ya fara ɓaci. Malama, wannan faifai ne? Abu sakayau, yana lanƙwasa a hannu kamar murfin bokitin roba. Faya-fayan da, in ka ɗauka ka san ka ɗauki kaya. Sun rage kaya sun ƙara kuɗi, irin aikin zamani ke nan.

Mata suka cika tsakar gida. Na murɗa hannu, na sauke allura. Abin da ya fito, Ubangiji ya kiyaye. Muryar Magdalene ce, na gane ta, amma ta koma siririya, tana gudu kamar an biyo ta, kamar an taka 'yan tsaki. Masu amshi kuma a bayanta sai ka ce zabi sun ga shaho. Waƙar yabon Ubangiji fa! Sai matar Kumai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, can ta kasa, ta fashe. Ta ce wai ashe Maman Silvanus tun tana goye aka ɗauki muryarta. Shi ke nan, gida ya rushe da dariya. Wata har kunu ya sarƙe ta, ana bubbuga mata baya. Manyan mata, iyayen 'ya'ya, da Littafi Mai Tsarki a cinya. Tir.

Ana cikin haka allura ta fara tsalle. Na yi abin da na saba yi, na ɗauko notin reluwe da nake ajiyewa don haka, na ɗora a kan allurar don ta zauna. Ta zauna kuwa. Sai na ga wani baƙin zare yana fitowa daga bakinta yana nannaɗewa kamar gashi, murya kuma ta koma ƙara. Na ce abin ya bushe ne. Duk ɗan reluwe ya san abin da ke kuka mai yake so. Na ɗiga wa faifan man inji kaɗan, na shafa da yatsa. Kafin in sake sauke allura, Magdalene ta taso ta ɗauke faifanta. Ta raba wa baƙinta abinci, ta raka su har bakin hanya tana yi musu sai da safe, kamar ba abin da ya faru.

Ranar kasuwa ta ɗaure kayanta, ta ce za ta Kwoi gidan Afiniki ta taya su aikin citta. Faifan na cikin ƙullin. To, an tone citta, an tsaga, an shanya, ta bushe, an ɗura a buhu. Matata ba ta dawo ba. Na aika, Afiniki ta aiko cewa mamarta ta ce ba fushi take yi ba, kunya take ji, kuma ko a sujadar can a bayan mata take zama, ba ta buɗe baki. A nan kuwa, kin san wa ke ba da waƙa yanzu? Matar Kumai. Murya kamar birkin jirgin kaya. Ina zaune ina ji kowace Lahadi, ga tuwon da nake tuƙa wa kaina duk gudaji.

Silvanus ya zo daga Kujama inda yake koyarwa, bayan ya biya ta Kwoi ya ga faifan. Bai tambayi lafiyata ba. Ya tsaya a kaina yana nuna ni da yatsa kamar ɗan ajinsa, wai na kashe gefe ɗaya, gefe ɗaya ne ya rage. Wai garmahona yana juyi saba'in da takwas a minti, faifan kuwa talatin da uku yake so. Na ce in haka ne me ya hana su rubuta da Hausa a jikin kwalin? Ya ce lambar tana nan. Lamba! Ni da na biya masa kuɗin makaranta da zufar bakin wuta, yau shi ke karanta mini lamba.

Duk da haka na sauke kaina na shiga kasuwa, don ba zan yi Kirsimeti ni kaɗai da akuya ba. Abin da na gani ya ƙara tayar mini da zuciya. A kantin da ke kusa da tasha akwai ƙananan injinan faifai masu batir, ja da shuɗi, roba zalla, kamar kayan wasan yara. Allurar ko ganinta ba ka yi, kamar ƙwayar acca. Na miƙa hannu in gwada ƙarfin abin, mai kantin ya ce wai Baba a duba da ido. Ni da na riƙe injin da ya fi kantinsa girma! Kuma in na saya, kullum ina hanyar sayen batir ke nan, kamar na ƙara baki a gida.

Kumai ya ji labari, ya tare ni a ƙofar coci a gaban mutane, wai zai sayar mini da rediyogiram ɗinsa da rahusa, don zai sayi sabo. Ya san sarai wutar lantarki ba ta iso layinmu ba. Da na faɗa masa, sai ya ce ba komai, in ajiye a falo in riƙa cin abinci a kai kafin wuta ta zo. Da ba a harabar Ubangiji muke ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Mutum ɗaya ne ya yi mini magana ta hankali, Meshak mai gyaran agogo da rediyo. Ya ce in kawo garmahon, zai ɗaure masa ciki ya rage masa gudu har ya yi daidai da sabon faifai, kuma abin da zai karɓa bai taka kara ya karya ba. Raina ya fi kwanciya da wannan. In ya yi, zan aika Kwoi a kawo faifan, in sake tara matan nan, in sa gefen da ya rage a kan garmahon da suka yi wa dariya, in ga bakin da zai sake buɗewa.

To, ki gaya mini. Aljihuna ba nauyi, fensho ne da ɗan abin da gona ta bayar. In bi Meshak, ko in zubar da mutuncina in sayi abin wasan yara? Kuma ki rubuta a jarida kowa ya gani cewa laifin na masu yin faifan roba ne, ba na injina ba.

Ni ne,
Tsohon Fayaman, Kafanchan.

*

Baba Fayaman,

Na gode da wasiƙarka, kuma hannunka ya fi na wasu masu satifiket fita. Na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa, ko da yake bayan ka ambaci matarka da 'ya'yanka da maƙwabcinka, ban san wanda ya rage a Kafanchan da bai gane ka ba.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Garmahonka ba shi da laifi. Injin kirki ne, ya yi aikin da aka ƙera shi domin shi, kuma zai ci gaba da yi da faya-fayanka na da. Gaskiya ne kuma da an yi bayani da Hausa a jikin kwalin da an taimaki mutane da yawa, ba kai kaɗai ba. Dariyar da aka yi wa Mama a cikin gidanta, bayan an sha kununta, ba ta yi kyau ba, maganar Kumai a ƙofar coci kuwa rashin ta-ido ce.

Amma abin da ka ce in rubuta, ba zan rubuta ba. Mama ta gaya maka faifan na sabon inji ne, ka ce rami ɗaya ne. Ba masu yin faifai suka ɗora noti ba, ba su suka ɗiga mai ba. Baƙin zaren nan da ka ga yana nannaɗewa, Baba, waƙar ce kanta allura take sassaƙewa. Layukan sabon faifai sirara ne ƙwarai, roba ce mai taushi, allurar ƙarfe kuwa a kansu kamar garma ce. Gefen nan ya tafi, ba mai gyara shi.

Saboda haka kada ka bi Meshak. Mai yiwuwa ya iya rage gudun, ban ce maƙaryaci ba ne. Amma ba zai rage nauyin kan allurar ba, ba zai mai da ƙarfe ya zama wani abu ba. Muryar za ta fito daidai sau ɗaya, wataƙila, tana fita tana mutuwa, kuma daga nan Mama ba ta da sauran komai. Shawararsa ce mafi araha yau, ita ce kuma za ta fi cin ka. Rediyogiram ɗin Kumai ma ka bar masa abinsa. Ba wuta, ba amfani, kuma kullum ka shiga falo fuskarsa za ka gani.

Abin wasan yaran nan shi ne naka. Rashin nauyinsa da ya ba ka haushi, shi ne amfaninsa. Ka tafi da Silvanus, ka bar shi ya yi surutunsa, kai kuma ka sa kunne, don mutumin da ya yi shekaru yana sauraron inji ba za a yaudare shi da fenti ba. Ka duba maɓallin gudu, lallai ya kasance akwai talatin da uku da arba'in da biyar. Ka sa mai kanti ya gwada maka da faifansa, ba na Mama ba, kuma ya zaɓi waƙa mai jan murya. In muryar tana rawa, tana hawa tana sauka, injin ba ya juyi daidai, ka ce a sauko da wani. Ka ɗaga hannun allurar da ɗan yatsa, ya kamata ka ji kamar ba ka ɗaga komai ba. Kada ka biya kuɗin rediyo da fitilu da ƙyale-ƙyalen da aka haɗa wa wasu, mara ado ya fi araha kuma ya fi jimrewa. Ka tabbata batirin tocila na kowace kasuwa yake ci, in ba a amfani da shi a cire su, za su daɗe fiye da yadda kake tsoro. Abu mafi muhimmanci, ka ce a nuna maka allurar canji, ka sayi ɗaya tun a ranar. In mai kanti ya ce sai an aika Kaduna, ka nemi wani kanti. Wannan allurar ba a wasa ta, ba a ɗora mata ko kwabo. In ta yi tsalle, tebur ne bai daidaita ba, ko faifai ya yi ƙura.

Man da ka shafa kuma dole a wanke shi kafin sabuwar allura ta taɓa faifan, don ba mamaki ya naso ɗaya gefen a cikin kwali. Ruwa mai tsabta, ɗigon sabulu, tsumma mai laushi, a bi da'irar layukan a hankali, kada a jiƙa takardar tsakiya. Ban da kananzir. A bar shi ya sha iska a inuwa, a riƙa ajiye shi a tsaye, nesa da zafin kwanon rufi. Silvanus kuma ya rubuta wa mutanen Jos ko akwai sauran faifan da za a saya, amma kada a yi wa Mama alkawari sai an gani a hannu.

Sauran magana ɗaya. Ka ce za ka sake tara matan don ka ga bakin da zai buɗe. Baba, wannan taron naka ne da Kumai, ba na Mama ba. Ka rubuto mini doguwar wasiƙa, ka lissafa duk wanda ya ɓata maka rai tun daga zamanin shebur, amma ba ka lura da abu ɗaya ba: har yau matar nan ba ta ji muryarta ba. Abin da ta ji a gaban ƙawayenta shi ne take zaton ita ce, shi ya sa ta koma bayan mata ta rufe baki.

Kada ka aika a kawo faifai, kada ka aika da inji. Ka ɗauke shi da kanka ka hau mota zuwa Kwoi. Ba taro, ba kunu. Ku shiga ɗaki ku biyu, Afiniki ta ja muku ƙofa. Ka ajiye injin a gabanta, ka bar ta ta sauke allurar da hannunta, kai kuma ka zauna ka naɗe naka hannuwan. Kada ka yi bayanin komai, kada ka ambaci sunan kowa, kada ka tambaye ta ranar dawowa sai waƙa ta ƙarshe ta ƙare. In ta ce a sake sa shi daga farko, to ka fara tambayar mota mai zuwa Kafanchan.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da ku ku biyu, ya sa ku yi Kirsimeti cikin salama.

Taka,
Malama Larai.